Yadda Ake Dariya a Gaya Ba a Kwana Kaso Ba

Kai da ka sauko Gaya da haƙoranka cif, kuma kana son komawa gida da su, matso kusa. Tun ranar da sojoji suka karɓi ƙasa nake nazarin dariya a bakin gadar iyaka. Bi matakan nan, na lamunce maka a ɗakinka za ka kwana.

1. San mai ita

A da dariya ta Allah ce, yana ba wanda ya so, har jaririn da bai san komai ba. Yanzu ta Kapitan ce, shugaban sojojin garin nan, mu aro ake ba mu. Liman ya ce murmushi sadaka ne. Gaskiyarsa, amma ka duba wanda kake miƙa wa sadakar.

2. Bari ya fara

In Kapitan ya ɗauko labarin kadan da ya harba a kogi, kada ka riga shi. Sau tara ya ba mu shi, kullum kadan yana ƙara tsawo. In ya ƙyalƙyale, ƙirga uku a zuci, ka bi baya. Kada ka zarce, za a tambaye ka me ka gani.

3. Manta da taubasantaka

Nan abokina Siddo, dillalin shanu, ya faɗi. Shi Bafulatani ne, Kapitan Ba'are, kuma kowa ya san tun kakanni Fulani da Arawa tsokanar juna suke, ba a fushi. Ranar kasuwa Kapitan zai sauka daga kwalekwale, santsi ya kwashe shi, ya zauna daram cikin taɓo, hularsa ta bi ruwa ta nufi Benin. Duk muka zama gumaka. Sai Siddo ya riƙe ciki.

"Kai Ba'are! Hularka ta ƙetare iyaka ba takarda!"

Ya ɗauka taubashi ne cikin kakin. Kafin la'asar yana kaso.

4. Koyi haɗiyewa

Cije leɓe, ƙirƙiro tari, tuna kabari. Ni ranar nan mahaifiyata marigayiya na tuna. Allah ya yafe mini, har yau ina jin kunyar aikin da na sa ta.

5. In an tura ka roƙo

Aisata, matar Siddo, ta same ni a tasha.

"Malam, kai ka iya da mutanen nan. Don Allah je ka fito mini da uban ƴaƴana, an ce Yamai za a wuce da shi."

Kwashi dattawa, sa Liman gaba. Haka na yi. Muka durƙusa, Kapitan ya ɗauko kadansa, wannan karon ya kai tsawon kamiyon ɗaukar kaya. Muka yi dariya kamar an biya mu, Liman har da share ido da rawani.

"Ai wasa ne," in ji Kapitan. "Ni da Fulani ba ma faɗa."

Kwana goma sha ɗaya wasan ya ɗauka.

6. Duba sakamako

Yau duk Gaya ba ni da ɗalibi kamar Siddo. Shekaranjiya a tsakar gidansa rago ya tunkuɗe ni, na faɗa zaune cikin ƙwaryar nono. Matan gida har da birgima. Siddo, wanda a da ake jiyo dariyarsa daga ƙetaren kogi, sai ya waiwaya ya dubi ƙofa.

Aisata ta raka ni zaure, ta sassauta murya.

"Malam, na gode da wahala. Amma ba wannan na aike ka ka kawo mini ba."

Sai na yi tari.

Gargaɗi

Kwana a ɗaki kawai na yi maka alkawari, ban ce za ka kwana da daɗi ba. In ka nemi dariyarka ka rasa, kada ka zo ƙofata, ni ma tawa ban san inda na aje ta ba. In kuma wani abu cikin takardar nan ya ba ka dariya, ni da kai ba mu taɓa haɗuwa ba.