Zaɓen Kanar Sai-Teku

Duk jihar Missouri ta Amurka, in ana maganar jarumtaka, dole a fara da Kanar Erastus Pettibone na garinmu. Bai taɓa zuwa yaƙi ba, gaskiya ne, amma wannan laifin yaƙi ne da bai taɓa biyowa ta ƙofar kantinsa ba. Kanar ɗin ma shi ya naɗa kansa, ranar da tela ya gama ɗinka masa riga mai maɓallan tagulla.

A bangon kantin akwai taswira. Ko gishiri ka je saye, sai ya ɗora yatsa a kan garinmu, ya ja shi yamma har ya faɗa ruwa.

"Ubangiji ya rubuta mana wannan ƙasa, daga nan sai teku!"

Mutanen da ke zaune a wuraren da yatsan ke bi, ba wanda ya tambaye su. Mu dai muka sa masa suna Kanar Sai-Teku, shi kuma ya ɗauka kirari ne.

Da yaƙi da Mexico ya ɓarke a 1846, gwamna ya nemi 'yan sa-kai. Kanar ya hau kan gangar giyar wuski ya yi jawabi har da hawaye. Samarin gari suka yi ta ba da suna, ciki har da Lemuel, ɗa ɗaya tilo na Gwaggo Hepsi Crowder. Mijinta ya rasu, kuma Lemuel ne ke riƙe mata garma. In ya tafi, gonar masara ta tafi, wataƙila shi ma ba zai dawo ba. Na ga matar ranar, ta ba ni tausayi ƙwarai.

To, a al'adarmu 'yan sa-kai ne ke zaɓen kyaftin ɗinsu: masu takara su tsaya a fili, kowa ya je ya tsaya bayan wanda yake so. Kowa ya san tsoho Barnabas Tuttle zai ci, don shi ya taɓa jin ƙarar harsashi, kuma ya rantse washegarin zaɓe za su kama hanya. Kanar ma ya san haka, shi ya sa ya shiga takara. Kujerar majalisar jiha yake hange. So yake ya faɗi zaɓen cikin mutunci, ya riƙa cewa ya miƙa ransa ga ƙasa aka ƙi karɓa.

Sai dai Gwaggo Hepsi ta san Erastus tun yana yawo ba takalmi, kuma a gabanta talotalo ya taɓa kora shi har kan rufin rumbu. Ta bi gida-gida. Ga samari ta ce, "Haba 'ya'yana, mutum yana son yaƙi haka, ku hana shi? Ga shi da wuski, Barnabas kuwa ko ruwa ba zai ba ku ba." Abin da ta faɗa wa iyaye mata kuma, a kunne ta faɗa.

Ranar zaɓe Kanar ya fito da takobi yana jan ƙasa, jawabin shan kaye a shirye a bakinsa. Ya rufe ido cikin tawali'u. Da ya buɗe ya waiga, sai ga samarin gari kaf a bayansa. Bayan Barnabas ba kowa sai karensa.

"Ranka ya daɗe, ka ci!" in ji Gwaggo Hepsi. "Yaushe za a tashi?"

Kanar ya dubi samarin, ya dubi Barnabas da karensa. Amma babban mutum ba ya rasa ta cewa.

"Jama'a, ni ba na kai ɗanyen soja gaban abokan gaba. Sai sun ƙware!"

Aka shiga atisaye. Kullum da hantsi rundunar takan zagaya kanti, ta ci itacen tuffa na bayan coci da yaƙi, sannan kowa ya wuce gona. Da suka iya tafiya, Kanar ya gano ba su iya juyawa ba. Da suka iya juyawa, ya ce tutar ba ta yi ba, a sake ɗinki. Da aka kawo tuta, ƙafarsa ta kumbura, kuma abin mamaki, yau ta dama, gobe ta hagu. Barnabas ya gaji ya bi rundunar garin maƙwabta, wadda ta tafi da ganguna ta dawo rabi, yawanci zawo ne ma ya kashe su. Kafin Kanar ya shirya, ofishin gwamna ya ce sojoji sun isa.

Aka gama yaƙi, ƙasa ta kai teku ba tare da shi ba. Wannan bai hana shi hawa ganga lokacin neman kujera ba.

"A duk kwamandojin wannan yaƙi, wa ya kai ni? Ban rasa soja ko ɗaya ba!"

Maza suka fashe da dariya. Gwaggo Hepsi kuwa ta tashi tsaye, Lemuel na gefenta da ƙasar gona a wando, ta yi tafi da zuciya ɗaya.

"Gaskiya ka faɗa, Erastus. Don haka muka zaɓe ka. Allah ya ja da ran talotalon nan."