Ranar da na sa Honarabul jidon kujeru

Ko da zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren ɗan kawuna Dakta Nura a Gwammaja ba. Har yau in na ga an jera kujerun roba sai gabana ya faɗi.

Lokacin ina zaman kashe wando da digirina na kimiyyar siyasa, ga kuma Binta da nake nema. Mahaifinta, Alhaji Sabo mai riɗi a kasuwar Dawanau, ya riga ya yanke magana: ba aiki, ba aure. Ana cikin haka sai Nura ya ce min wani abokin karatunsa na likitanci a ƙasar waje zai zo bikin, kuma a wannan zangon ɗan majalisar dokoki ne a ƙasarsu, wasu ƙananan tsibirai can tsakiyar tekun Pasifik. Ban tsaya jin sauran bayanin ba. "Ɗan majalisa" kawai kunnena ya ɗauka, zuciyata ta ƙarasa sauran: jiniya, baƙaƙen motoci, 'yan sanda, da mataimaka na musamman kamar a bakin ƙwarya.

Washegari na je gaida Alhaji, na sunkuyar da kai na ce, "Baba, in sha Allahu an kusa. Wani Honarabul daga ƙasar waje yana neman mai ba shi shawara." (Bawan Allahn nan bai ma san an haife ni ba.) Alhaji ya ce, "To madalla. Ai zan zo ɗaurin auren, sai mu gaisa."

Ranar bikin na naɗa kaina shugaban kwamitin tarba, na aro babbar riga mai nauyin tsiya. Na tashi mai shayi, na tashi mai faci, na yi cacar baki da maƙwabcinmu a kan awakinsa. Lungun namu mota ɗaya ma da ƙyar take shiga, amma ni filin ayari nake sharewa.

Ina cikin kai-komo sai ga adaidaita sahu ta tsaya daidai wurin da na ware. Wani ƙato ya fito da riga mai furanni, ya ɗaura zane iya gwiwa, ga silifas, ga jaka a kafaɗa. Na ɗauka cikin masu kafa rumfa yake. Na daka masa tsawa da Hausa, na maimaita da Turanci: ya kauce, manya na tafe! Ya yi murmushi. Na ce tunda ya zo, ga kujeru can, ya kama aiki. Wallahi mutumin nan ya ajiye jaka ya hau jido, har faɗa na yi masa don ya karkata layi. Da ya gaji ya nufi kujerar kushin da na tanada, na tare shi: "Kai! Ta Honarabul ce!" Ya ba ni haƙuri, ya koma kan dakali yana share gumi. Duk abin nan Alhaji Sabo na zaune a layin gaba yana jan carbi.

Sai ga ango ya fito. Yana hango mutumin ya saki ihu, ya ruga ya rungume shi, sannan ya juyo gare ni. "Ashe har kun gaisa da Honarabul?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ba ta tsage ba. Maimakon haka Alhaji ya yafito ni ya ce in yi masa tafinta.

"Tambaye shi, ina ya baro motocinsa?"

Na tambaya, Honarabul ya ce babur gare shi, wani lokacin kwalekwale.

"Su nawa ne a majalisar tasu?"

Ba su kai ashirin ba, kuma ba jam'iyya. Kowa mutanen tsibirinsa ne suka san shi suka tura shi. In wa'adi ya cika ba a sake zaɓensa ba, asibitinsa zai koma.

"To masu ba shi shawara fa, su nawa ne?"

Nan na kama tari, na ce ƙishirwa nake ji. Nura, Allah ya saka masa, ya fassara. Honarabul ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ba shi da ko ɗaya. Duk mai magana a hanya yake tare shi, ga kuma gwaggonsa da ke ba shi shawara kullum, ko bai nema ba.

Alhaji ya juyo gare ni. Na sallama Binta a zuciyata, har idona ya ciko. Can ya ce, "Yaro, ƙarya dai ka yi ta, sai ka nemi gafarar Allah. Amma wanda ya iya sa ɗan majalisa dako, 'yan dakona ba za su gagare shi ba. Ka same ni Dawanau ranar Litinin."

Yanzu buhunan riɗi nake sa ido a kai, Binta kuma tana ɗakina. Darasin da na ɗauka bai da yawa: kafin in ce wa mutum "ɗauki", sai na tambaye shi ko yana riƙe da wata mazaɓa.