Injiniya Kang da Koriyar Leda

"Ni da kwamfuta ai kallo ɗaya ne, in na harare ta sai ta nutsu!" Haka Injiniya Kang, sarkin cika baki na garin Hsinchu, ya faɗa da safiyar ranar da mai sayen manhajarsu zai zo ganin aiki da la'asar. Manaja Hsiao ta riga ta ce in an fita kunya, Kang ne zai zama shugaban sashe.

To, ka san yadda muke a nan: kowane inji da koriyar ledar gugguru a kansa, don ya yi biyayya. Ba a ci, ba a taɓawa. Kang ya fizgo ta babban injin da ke harhaɗa manhajar, ya farke, ya juye a baki.

"Camfi!" ya ce, gari na zubo masa. "Matsalarku kuna sa inji aiki ɗaya bayan ɗaya kamar tsohuwa mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ni duk a lokaci guda zan sa shi ya yi."

Pei-shan, abokiyar aikinsa, ta dafe ƙirji. "Yaya Kang, ka cinye mana mai gadi?"

"Ƙanwata, ja kujera ki sha kallo."

Ya danna. Injin ya ɗauki ayyuka barkatai, yana ɗora rufi tun ba a yi bango ba, don gwanin naka bai gaya masa wanne ke jiran wanne ba. Allo ya yi jajir da kuskure. Ya sake dannawa, kuskuren ya koma wani wuri daban.

"Kin gani? Gudu yake, tsorona yake ji!"

Sai ya ninka yawan ayyukan. Injin ya yi gurnani, ya sandare. Da ya farfaɗo, Kang ya ce datti ne ya yi yawa, ya share komai tas, har da tsohon haɗin manhajar na jiya mai lafiya wanda shi kaɗai za a iya nuna wa baƙo.

Nan fa gumi ya karyo masa. Ya sulale kantin da ke ƙasan bene neman koriyar leda, aka ce sai rawaya, wadda kowa ya san fitina take jawowa. Manaja Hsiao ta shigo ta tarar ya dawo, ga shi a durƙushe yana hura tsohuwar ledar da baki, wai ya liƙe ta.

"Ina guggurun?"

"Ranki ya daɗe... yana cikina."

"Madalla. Tunda yana cikinka, hau kan injin ka zauna. Hannu a cinya!"

Wallahi ya hau. Pei-shan ta mayar da aikin ɗaya bayan ɗaya yadda aka saba, ya tafi sumul, ya ƙare daidai lokacin da baƙon ya turo ƙofa. Mutumin ya tsaya yana kallon ƙaton injiniya tsugune a kan inji.

"Mu a kamfaninmu leda muke ɗorawa," ya ce.

"Mu ma haka," in ji Manaja Hsiao. "Wannan riƙon ƙwarya yake yi. Gobe in leda ta iso, za ta karɓi kujerarta."