Manhajar da Dogo Ya Shigar ta Taga

"Lafiya lau, sai dai kwamfutarki ta ci amanata," in ji Dogo, tun Injiniya ba ta gama tambayar mutanen gida ba.

Shagon buga takardun nasa ne. Ita kuwa 'yar goggonsa ce, abokiyar wasansa, kuma ita ta haɗa masa kwamfuta mai tsari mai taurin kai: a fayil guda ake rubuta sunan duk manhajar da ake so, abin da ba ya ciki kuwa ba ruwan tsarin da shi. Jiya tsohuwar kwamfutar ta mutu, Injiniya ta tayar da sabuwa daga fayil ɗin. Yau an nemi manhajar katin sakamakon ɗalibai sama ko ƙasa an rasa, ga shugabar wata makaranta za ta zo da tsakar rana karɓar kati ɗari uku da sha biyu. Duk da haka bakin Dogo bai mutu ba.

"Ka rubuta ta a fayil?" in ji Injiniya.

"Da hannuna na sa ta, wata takwas ko tari ba ta yi ba."

"Wato ta taga ka shigo da baƙuwa, yanzu kana nemanta a rajista. Sauri ya haifi nawa!"

"Mai gida ba ya neman izini a gidansa."

"Mai gidan da ni na nuna masa wurin kunnawa?"

"Ji mini yarinya! Ni na goya ki."

"Ka yar da ni sau biyu."

"Shi ya sa kan ya buɗe. Ki gode mini."

"To, mai buɗe kawuna, mene ne sunan manhajar?"

Dogo ya sosa ƙeya, ya dubi agogo. Sha ɗaya da rabi.

"Mai hoton shuɗin littafi ce," ya ce a hankali. "Don Allah, 'yar goggo."

Ta ja allon rubutun kwamfutar tana murmushi. "Tun wata uku na gan ta. Na rubuta sunanta a fayil, na kashe layin don kada tsarin ya karanta shi, ina jiran ranarka."

Ta kunna layin, tsarin ya sake ginuwa, sai ga shuɗin littafi. Dogo ya kwashe da dariya, ya tashi daga kujerar soson da ko kawunsa ba ya bari ya zauna a kai, ya kakkaɓe ta da hularsa.

"Zauna, ranki ya daɗe. Koya mini inda ake rubutawa."