Ranar da Na Jefa Surukina a Kogin Gashua

Ba zan taɓa mantawa da wata yammar Alhamis a bakin kogin Gashua ba, ko da tsufa zai kwashe mini komai.

Lokacin ina sayar da bandar kifi a kasuwar Nguru, ga mata ga 'ya'ya, amma wata irin fargaba ta sa ni a gaba. Haka kawai gabana zai yanke ya faɗi, tafin hannuna ya jiƙe, in ji kamar yanzu za a aiko mini da mugun labari. Barci kuwa sai dai in ga ana yi. Ban gaya wa kowa ba (ƙato da ni, in ce tsoro nake ji, tsoron me?). Wanda na fi gudun ya sani shi ne surukina, Alhaji, babban ɗan kasuwar hatsi, mutumin da ko gyaran murya ya yi sai na nemi wurin tsugunawa.

Wani direba ne ya tsegunta mini cewa a Gashua akwai tsohon masunci, Baba Gana, da ke tara magidanta masu irin larurata a gindin wata tsamiya. Ba allura, ba rubutu, hira ce da shayi da koyon numfashi, wanda abin ya yi wa yawa kuma ya tura shi asibiti. Na ce madalla, can ba wanda ya san ni.

Ƙa'idar wurin ita ce, da zarar an rufe ido ba mai buɗewa sai Baba Gana ya buga filafilin tuƙa jirgi a ƙasa. Wanda ya makara ya lallaɓo ya zauna, sallamarsa a zuci.

Ran Alhamis na je, muka zauna muka rufe ido. Tsohon ya ce, "Kowa ya hau kwalekwalensa. Ja numfashi, filafili ya nutse. Saki, ruwa ya wuce." Wayyo daɗi! Sai ga ni ina sulalawa tsakanin furannin bado, rana ta yi ja a kan ruwa, belbelu na wucewa farare tas, ba mai tambayata nawa ne kwando. Iska na shafa ni, jikina ya mutu murus. Har matashi na samu a cikin jirgin, mai laushi, mai ƙamshin turaren Makka. Na jingina kaina, na ƙara gyara kwanciya.

Daga can nesa na jiyo muryar Baba Gana: "Duk abin da ke tsorata ka, kira sunansa a zuciyarka, ka jefa shi ruwa."

Ni dai na rantse a zuci na yi. Ashe da ƙarfi na ɗaga murya: "Alhaji surukina, bismillah, faɗa ruwa! Ka tafi da gyaran muryarka!"

Ƙwas! Filafili ya bugi ƙasa. Na buɗe ido. Matashin nan dai kafaɗar mutum ce, cikin babbar riga fara, ga yawuna ya zana taswira a kan aikin wuyan. Na ɗaga kai a hankali. Jama'a, Alhaji ne!

Na zabura zan tsuguna, alhali a zaune nake. Na shiga laluben takalmin da zan cire, babu shi a ƙafata. Na ce wa Alhaji, "Baba... an wuni lafiya?" Mutane suka sunkuyar da kai, kafaɗu na girgiza. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Alhaji ya dubi rigarsa, ya dubi kogi. Ya ce, "Lafiya lau, ga ni dai na fito, ban nutse ba." Sannan ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji. "Kana tsammanin kallon ruwa ya kawo ni tun daga Nguru? Abin da ke hana ka barci ya girme ka a jikina. Ka riƙe nawa, in riƙe naka."

Tausayinsa ya kama ni, har na ji ƙwalla. A motarsa muka koma, kuma muka ci gaba da zuwa tare duk Alhamis, sai dai kowa da ƙarshen tabarmarsa.

Abin da na koya shi ne, wanda kake tsoro shi ma yana da nasa dodon. Amma duk da haka, in za ka jefa mutum a kogi, ka fara leƙawa ka ga kafaɗar wa ka jingina.