Sandunan da Kaka Ke Ƙirgawa

"To in ba rowa ba, me ya kawo ka? Miji ya yi wata huɗu bai leƙo ba, ranar da ya zo kuma hannu na dukan cinya, wai waya ya zo karɓa."

Jikan ya zauna a bakin gadon kakarsa yana dariya. Tun da ya koma sansanin masu ɗaga ƙarfe bai zo gida ba sai yau, shi ma awa biyu aka ba shi. Ya ce tsohuwar wayarsa da ya bari a ɗakinta yake so, zai ba abokin atisayensa da tasa ta fashe. Ai ita ko amsa kira ba ta iya da ita ba.

"Kin tsufa, Kaka, sakin ki zan yi. Wayar ma ta fi ki ƙuruciya."

"Sake ni mana. Wa za ta kwashi mai wuya kamar turmi? Kullum ka ɗaga ƙarfe ka ajiye shi inda ka same shi. Kakanka buhu yake ɗagawa, kuma a ci."

Ya naɗe hannun riga ya nuna mata baƙin madaurin da ke damtsensa. Ya yi mata bayani a hankali cewa na'ura ce a ciki, tana auna saurin tashin ƙarfen. Duk ɗagawa ɗaya sai ta zana sanda a waya, koci ya duba ya san ko ƙarfi ya fara ƙarewa. Ta ce an dai ɗaura masa tsumma kamar akuyar da ake tsoron ɓatanta.

"Kuma ni za ka koya wa? Ranar Talata sanda goma sha biyu ka yi. Biyun ƙarshe gajeru ne, jajaye. Rago."

Dariyarsa ta tsaya. Ashe bai cire tsohuwar wayar daga na'urar ba, duk abin da ke zuwa wa sabuwar yana zuwa mata.

Kakar ta zaro tsohuwar wayar daga ƙarƙashin filo, cike da caji. Ta ce kullum da hantsi sai ta yi ƙara sau ɗaya, ita kuma ta sa tabarau ta ƙirga. Lambobin ba ta san su ba, amma ido ba mudu ba ne, ya san kima. In sandunan suka fito dogaye, koraye, ta san ya yi barci, ya ci ya ƙoshi. Akwai satin da ko ɗaya ba ta fito ba. Ba ta tambayi kowa ba, kada a ce tsohuwa ta cika mita. Ta dai yi ta goge gilashin da bakin mayafinta.

"Hutu aka ba mu, Kaka."

"Da bakinka ciwo yake yi?"

Ya karɓi wayar, ya ƙara girman zanen yadda ba sai ta matse ido ba, ya mayar mata a tafin hannu.

"Riƙe abarki. Na fasa sakin."

"Wa ya roƙe ka? Gobe goma sha huɗu nake so, duk koraye."

"Sha biyu koci ya rubuta."

"Kocin ne matarka ko ni?"

Ya yi dariya ya ce ita ce, ya ji ya ɗauka. Ya rataya jakarsa ya nufi tasha, yana tunanin abin da zai gaya wa abokin nasa.