Ranar da na shiga Farcha da ƙamshin amare

Shekarar da na baro Damagaram na fara dillancin shanu a kasuwar Farcha, wata safiya bayana ya riƙe. Matata Hawwa ba ta nan, sai na buɗe akwatinta ina neman man zafi. Na ci karo da wata kwalba, abin ciki mai kauri kamar zuma. Da na cire murfin, don ƙarfin ƙamshi sai da na nemi wuri na zauna. Akwai sandal, akwai miski, akwai abin da har yau ban san sunansa ba. Na yanke hukunci cewa abu mai irin wannan ƙamshi ba zai rasa magani ba. Na tsiyaya cike da tafin hannu, na mulke baya da wuya.

Ciwon ya tafi, wannan kam ba zan ɓoye ba. Na shiga kasuwa ina taku ɗai-ɗai. Ƙamshin ya danne har warin mayanka, abin da ban taɓa zaton wani mahaluki zai iya ba. Dillalai suka shiga waige-waigen ina macen take. Alhaji Bukar, babbanmu, ya matso ya shinshina kafaɗata cikin natsuwa.

"Malam, wannan humra ce, ta amare. Yaushe aka ɗaura ba mu ji ba?"

Ashe Hawwa ta daɗe tana tsuma ta don bikin ƙanwarta. Fushinta ya huce kafin ƙamshin ya bar jikina.

Yau ga furfura, ga jikoki, amma ina sa ƙafa a kasuwa wani zai gyara tabarma ya ce, "Mabruk, barka, amarya ta iso. A kawo mata shayi."